Jirgin sama mai sauka a kan ruwa da hadarin damina a tsibiran Maldib

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ji cewa a ƙasar Maldib ƙananan jiragen sama masu sauka a kan ruwa ne ke kai baƙi tsibirai, kuma sun koma aiki a tsakiyar damina lokacin annobar korona. Yaya matuƙin ƙaramin jirgi yake yi da hadari, ga kuma matsin da kowa yake ciki a lokacin? Daga wata mai karatu a Damagaram.

Amsa: Malama, mun gode, kuma abin da kika ji gaskiya ne. Maldib ƙasar Musulmi ce a Tekun Indiya mai ƙananan tsibirai kusan 1,200, kuma yawancin masaukan baƙi ba su da filin jirgi, saboda haka daga tsibirin Hulhule da ke daura da Male, babban birnin ƙasar, ake kwasar mutane a jirgin Twin Otter ƙirar Kanada. Injinsa biyu ne, yana ɗaukar fasinja wajen 15, kuma a madadin taya an ɗaura masa dogayen ƙafafu biyu masu yawo a kan ruwa. Ƙasar ta rufe iyakokinta ranar 27 ga Maris 2020, ta buɗe ranar 15 ga Yuli, daidai lokacin da iskar damina daga kudu maso yamma take kaɗawa, domin daminarsu tana farawa ne daga watan Mayu har wajen Nuwamba.

Abu na farko shi ne, irin wannan jirgi ba ya ratsa hadari, ba ya kuma haye shi. Gajimaren tsawa a ƙasashe masu zafi yakan yi tsiri ya wuce ƙafa 40,000, shi kuwa Twin Otter a ƙasa-ƙasa yake tafiya, matuƙinsa yana kallon ruwa da tsibirai da idonsa. Don haka kewaya hadarin ake yi, ko a jira ya wuce. Hukumar jiragen sama ta Amurka tana ba matuƙa shawarar su ba hadari mai ƙarfi tazarar mil 20 aƙalla, saboda ɓarnarsa ba a cikin gajimaren kaɗai take ba. Kin san yadda a wajenmu, kafin ruwa ya sauko, wata iska mai sanyi takan riga hadarin gabas isowa ta ɗebe ƙura ta kwashe shanya. Irin wannan iska ce ke juya wa jirgi alkibla yana dab da sauka. Akwai kuma wadda ke ruftowa daga cikin gajimare kai tsaye zuwa ƙasa, wadda in ta danne jirgin da ke kusa da ruwa ba ya samun sararin farfaɗowa.

Inda aikin ya fi wuya, a ganina, shi ne wurin saukar. Hanyar saukar jirgi ta kwalta tana nan yadda take ko da an yi ruwa, amma filin wannan jirgi teku ne, kuma iskar da ta taso takan mayar da kwantaccen ruwa mai tumbatsa cikin ɗan lokaci. Kafin ya sauka, matuƙi yakan zagaya ta sama ya duba inda iska ta nufa da tsayin igiyar ruwa, sannan ya nemi gefen da tsibiri ko duwatsun murjani suka tare iska, ya fuskance ta ya sauka. Idan ya taɓa ruwa, ma'aikacin jirgin ya fito ya tsaya a kan ƙafar jirgin da igiya a hannu, ya ɗaure shi a jikin dakalin katako mai yawo, inda kwale-kwale zai zo ya kwashi mutane. Ba sa aiki da dare, shi ya sa baƙon da ya iso bayan la'asar yakan kwana a kusa da Male.

Dangane da matsin da kika ambata, ba ƙarami ba ne. Baƙin da suka shiga ƙasar sun ragu daga miliyan 1.7 a 2019 zuwa wajen 555,000 a 2020, tattalin arzikinta kuma ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin uku. A irin wannan hali kowane fasinja yana da daraja, kuma matuƙin da ya yi watanni a gida yana tsoron a ce ya soke tafiya, alhali hannunsa ma ya ɗan yi sanyi da aikin. Masana haɗuran jiragen sama sun daɗe suna gargaɗi a kan wannan ɗokin isa ko ta halin ƙaƙa. Ina ganin kamfanin da ya san ciwon kansa shi ne wanda yake gaya wa matuƙansa a fili cewa ba za a tuhumi kowa ba don ya juya, ya kuma tabbata sun tashi da rarar mai da za su iya kewaya hadari ko su sauka a wani tsibirin su jira sama ta washe.