Amsa: Shin magana kaɗai tana maganin ciwon damuwa?

Malama, kin ce an tura ƙanwarki wajen likitan halayyar ɗan'adam, kina tambaya ko zaman hira zai iya raba ta da ciwon damuwa da fargaba. Eh, yana iyawa, amma ba hirar zaure ba ce. Hanyar da ake kira CBT, wadda likita Aaron Beck ya assasa a Amurka a shekarun 1960, aikinta gyara tunani da ɗabi'a tare. A ce ƙanwarki ta gaida maƙwabciya a bakin rijiya, ba a amsa ba. Nan take zuciya ta ce mata "kowa ya tsane ni", sai ta daina zuwa suna da biki, zaman ɗaki kuma ya ƙara mata ƙunci. Likitan zai sa ta kamo wannan tunanin ta auna shi: mece ce hujja? Ko matar ba ta ji ba ne? Fargaba kuwa a-hankali ake tunkararta, yau ƙofar gida, gobe gidan maƙwabta, har ta iya shiga kasuwa ranar ci.

Sharaɗin da na gani ga wani ɗan'uwanmu a ƙauyenmu, wajen Kazaure, shi ne aikin da likita ke ba mutum ya gwada a gida. Zama sau ɗaya a mako ba ya wadatarwa in ba a gwada abin da aka koya tsakanin zama da zama, kuma sauƙin yakan ɗauki makonni. In kuwa ta daina cin abinci ko tana zancen mutuwa, kada ku jira, ku kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko na Kazaure, don wataƙila sai an haɗa da magani.