Zauren Manoman Lambu: Na Yi Feshi Har Na Gaji, Ƙwari Na Nan Daram

Yawancin wasiƙun wannan fitowa daga fadamun Jihar Kebbi suka zo, kuma kukansu kusan ɗaya ne. Mun zaɓi biyar daga ciki.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. A tsakiyar Janairu na dasa albasata. Yanzu lawashin ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa toka, bakinsa yana bushewa yana lanƙwashewa. Na yi feshi sau huɗu da maganin da ake ce wa lamda, har na ƙara awo, amma kamar ruwa nake ba su. Ƙwari ne ko ciwo? (Mai noman albasa, Aliero)

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka sake goya famfo, ka tsuguna ka raba sabbin ganyen da ke fitowa a wuyan albasar. Za ka ga wasu mitsi-mitsin ƙwari da tsawonsu bai fi milimita 1 da ɗoriya ba, ƙananansu rawaya-rawaya, manyan ruwan ƙasa, suna rige-rigen ɓuya. Su malaman gona ke kira tirifs. Fatar ganye suke kankarewa su tsotse ruwan, farin da kake gani tabon ne. Ta wannan rauni kuma ciwon nan mai sa tabon shunayya a lawashi yake samun ƙofa.

Laifin ba na awo ba ne. Ƙwaron a matse yake cikin wuya, kai kuma kana watsa magani ta sama, ga lawashi da santsi kamar an shafa masa kakin zuma, ruwan ya gangare ƙasa bai taɓa shi ba. Sannan mace cikin naman ganye take cusa ƙwai, 'ya'yan kuma idan sun ƙoshi sai su sauka ƙasa su kwanta kafin su fito da fuka-fuki. Duk feshin da ka yi, akwai na cikin ƙwai da na cikin ƙasa da bai same su ba, kuma a zafin Maris mako biyu zuwa uku ya ishe su daga ƙwai zuwa haihuwa. Mafi muni, lamda da sifametirin 'yan gida ɗaya ne, wato magunguna ne masu kashe ƙwaro ta hanya iri ɗaya. Maimaita su ya kashe gizo-gizo da sauran ƙwarin da ke cin tirifs, ya bar maka waɗanda suka riga suka saba da gubar su yi ta hayayyafa. Ƙarin awo asarar kuɗi ce kawai.

Abin yi yanzu: ka ratsa gonar a karkace, ka duba albasa 20 daga fangali daban-daban, ka ƙirga ƙwarin, ka raba da yawan ganyen. In lissafi ya kai ɗaya zuwa uku a kowane ganye, feshi ya wajaba. In bai kai ba, ka dawo bayan kwana uku ka sake dubawa. Ka yi amfani da ruwan ƙwallon dogonyaro, ko maganin da ke ɗauke da sinadarin sifinosad, wanda masu noma ba da gubar kanti ba ma sun yarda da shi. Ka sa sabulu a ciki domin ya kama ganye, ka saukar da bakin famfo ya nufi wuyan kai tsaye, da yamma lis, ka maimaita bayan kwana 5 zuwa 7. Kada ka bar albasar da ƙishirwa, kuma ka sassauta hannu da yuriya, domin lawashi mai taushi da ya sha taki shi ne abin marmarinsu.

Gaskiyar da ta fi duk wannan ita ce ka yi latti. Albasar da aka dasa a Nuwamba zuwa Disamba tana yin kai cikin sanyin hunturu, kafin ƙwaron ya yi ƙarfi. Ta Janairu da Fabrairu kuwa da bazara take karo. Baɗi ka gyara nan tukuna.

TAMBAYA: Kullum ana cewa a yi maganin dogonyaro. Na dafa ganyensa na fesa wa kabeji da tumatir, ban ga komai ba. Yaudara ce ko ni ne ban iya ba? (Matashi mai lambu, Jega)

AMSA: Ɗan'uwa, ba yaudara ba ce, amma ka kama reshe ka bar tushe. Ƙarfin bishiyar, ko ka kira ta dogonyaro ko darbejiya ko maina, a ƙwayar cikin ƙwallonta yake. Na ganye kaɗan ne, tafasawa kuma tana lalata ɗan abin da ke akwai.

Ka tsinci 'ya'yan da suka nuna suka yi rawaya, ka wanke naman, ka shanya ƙwallon a inuwa har ya bushe ƙayau, ka adana a buhun algarara ko kwando. Leda tana sa shi fumfuna, mai fumfuna kuma zubarwa ake yi. Ranar aiki ka ɗan daddaka a turmi ɓawon ya fashe, ka bakace, ka daka ƙwayar ta yi laushi. Awon shi ne giram 50 a kowace lita, wato giram 750 ga famfo mai lita 15. In ba ka cire ɓawo ba, ka ninka. Ka je wurin mai sikeli sau ɗaya ka auna, ka yi wa kwanonka alama, ka huta. Ka jiƙa garin a ruwa kamar lita 5 ya kwana, ka tace da tsumma mai laushi har sau biyu, in ba haka ba bakin famfo ya toshe ka wuni kana zungura shi da tsinke. Ka narkar da sabulun salo kamar giram 20 ka zuba, ka cika ruwa zuwa lita 15. A ranar ake fesa shi, ba a ajiye shi kwanaki.

Wurin da mutane ke karaya shi ne sun saba ganin ƙwari na zuba matattu bayan feshi. Dogonyaro ba haka yake aiki ba. Hana tsutsa cin abinci yake yi, ya hana ta saɓa, ya rage wa uwar ƙwai. Sai bayan kwana uku ko huɗu za ka lura ɓarna ta tsaya. Ya fi cin ƙananan tsutsotsi, manya sukan sha. Hasken rana yana kashe ƙarfinsa cikin 'yan kwanaki, shi ya sa ake feshin yamma, a jiƙa bayan ganye sosai, a maimaita duk mako. Kuma kada mu ɓoye maka, aiki ne: hekta guda takan sha kusan famfo 20, wato ƙwaya kilo 15 a feshi ɗaya. Ga mai fangali kaɗan babu kamarsa. Mai babbar gona sai ya tanadi ƙwallo tun da wuri, ko ya sayi man dogonyaro, mililita 75 a famfo mai lita 15, a kaɗa shi da sabulu kafin a zuba ruwa. Man yana ƙona ganye idan aka fesa shi da tsakar rana.

TAMBAYA: Ganyen tumatirina yana yin fararen tabo kamar takarda, in na ɗaga shi a rana sai in hangi 'yar tsutsa a ciki. 'Ya'yan ma akwai ƙananan huji kusa da hancinsu. Wannan ce sharon da ake faɗa? (Manomin rani, Yauri)

AMSA: Ita ce, Malam. Sunanta na kimiyya Tuta absoluta. Asalinta Kudancin Amurka, ta shiga Sifen a 2006, ta bi ta arewacin Afirka, kuma ita ce ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa a 2016. Mai haifar tsutsar wani ɗan malam-buɗe-littafi ne mai launin toka, tsawonsa kamar milimita 7, da dare yake yawo. Mace ɗaya tana iya zuba ƙwai fiye da 200, kuma cikin zafi wata guda ya isa jikoki su fara fitowa. Tsutsar na ƙyanƙyashewa sai ta shige tsakanin fatar ganye ta sama da ta ƙasa, inda maganin da ke kisa ta taɓa jiki ba ya isa.

Don haka yaƙin tun daga wurin rainon iri yake farawa. A lulluɓe shi da raga mai ƙananan ido, kada a dasa ko guda mai tabo. A kafa tarkon da ke ɗauke da ƙamshin mace, mai jawo mazan, biyu zuwa huɗu a hekta, mako biyu kafin dashe. Shi ne idonka a gona. Ƙasa da uku a tarko a mako, ci gaba da dubawa. Daga uku zuwa talatin, fara feshin dogonyaro ko na maganin tsutsa da ake kira Bt duk mako. In ya haura talatin, wuta ta kama. Wanda ke son rage su da tarkon kansa sai ya sa 20 zuwa 40 a hekta: faranti mai faɗi cike da ruwa, ɗan sabulu ko mai a kai, robar ƙamshin a rataye dab da ruwan, a canza ta bayan mako 4 zuwa 6. Cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT da ke Ibadan ma ta fito da irin wannan faranti mai fitila.

Bt ƙwayar halitta ce da sai tsutsa ta ci take mutuwa, ba ta cutar da mutum ko zuma. Ƙanana take kashewa, a ɗan lokacin da suke waje, don haka sai an dage da maimaitawa. Kowane kwana biyu ko uku a tsinke ganyen da ke da tabo da 'ya'yan da suka huje, a ɗaure cikin baƙar leda a bar ta a rana, ko a binne da zurfi. Zubar da su a bakin gona kiwonta ne. A cire gautan kaji da zaƙami da ke kewaye, domin a kansu take fakewa, kuma kada a bi tumatir da gauta ko dankalin Turawa.

In tilas ta sa ka koma maganin kanti, ka nemi mai lambar rajistar NAFDAC, ka duba sunan sinadarin, ba sunan kamfani ba. A rabon magunguna gida-gida, sifinosad gida na 5 ne, emamektin na 6, indozakab na 22, kulorantiranilifurol na 28. Ka yi wata guda da gida ɗaya, wata mai zuwa ka koma wani. Kuma ku yi magana da maƙwabta ko ku haɗu wurin malamin gona na KARDA, hukumar raya aikin gona ta Jihar Kebbi, domin mutum ɗaya da ya bar tsohon tumatir a tsaye bayan ya gama tsinka ya isa ya raba wa fadama duka.

TAMBAYA: An ce ruwan ganyen taba yana kashe kowane ƙwaro, kuma ba na kanti ba ne. In gwada? (Mai lambu, Argungu)

AMSA: Kada ka gwada. Yana kisa, amma gubar taba tana shiga ta fata, tana iya kwantar da mai feshin, kuma ba ta bar ƙwaro mai amfani. Ganyen taba kuma yakan ɗauko ciwon da ke sa ganyen tumatir da tattasai dabbare-dabbare. Fitowa daga tsiro ba ita ke sa abu ya zama lafiyayye ba.

TAMBAYA: Ina da ɗan lambu a bayan gida: kuɓewa, alayyahu da tattasai. Ganyen kuɓewar ya huje kamar rariya, na tattasan kuma ya murɗe yana danƙo, kiyashi na hawa. Yarana ke ci, ina tsoron magani. (Uwargida, Birnin Kebbi)

AMSA: Hajiya, tsoronki a kan hanya yake. Kuɓewa duk bayan kwana biyu ko uku ake tsinkarta, yawancin magungunan kanti kuwa suna da kwanakin jira tsakanin feshi da ci, waɗanda ke rubuce a jikin kwalba, kuma sukan fi haka. Su Sniper kuwa kada ma su kusanci abin miya.

Masu huda kuɓewa wasu 'yan buzuzu ne masu tsalle kamar ƙuma. A makonni uku ko huɗu na farko suke da haɗari. In ta girma, hujin ba ya hana ta 'ya'ya sosai. Ki tankaɗe tokar murhu ki barbaɗa da sassafe lokacin da ganye ke da raɓa, ki sake bayan ruwa ya wanke.

Na tattasai darɓa ce. Ki juya ganyen za ki gan su a cunkushe, wataƙila har da farin ƙuda da ke tashi in an girgiza. Danƙon kashinsu ne mai zaƙi, shi kiyashi ke bi, har suna gadinsu. Ki narkar da sabulun salo cokali ɗaya na cin abinci a lita guda ta ruwa, ki fara gwadawa a ganye kaɗan ki jira kwana ɗaya, in bai ƙone ba ki jiƙa bayan ganyen duka da yamma, ki maimaita bayan kwana huɗu ko biyar. Garin sabulun wanki yana ƙona ganye, ki bar shi. Ki yanka tsohuwar jarka mai launin rawaya, ki shafa mata man basilin, ki kafa daidai tsayin shukar don kama farin ƙuda. In kin ga ɗan ƙwaro ja mai ɗigon baƙi, kamar rabin ƙwayar wake, ki ƙyale shi, darɓa yake ci. Amma duk tattasan da ya tsumbure, sabbin ganyensa suka ƙanƙance suka yi rawaya, ciwo ya riga ya shiga jikinsa kuma babu feshin da ke fitar da shi. Ki tuge shi, ki sa a leda ki fitar, kafin ƙwarin su kwashi ciwon su kai wa na kusa.