Shin Cypress Hill ne suka fara shigar da 'yan Latin Amurka harkar hip-hop?

Tambaya: Malam, na kalli fim ɗin tarihin ƙungiyar Cypress Hill, na ji ana ta kiransu 'yan farko. Da gaske su ne 'yan asalin Latin Amurka na farko a hip-hop? Kuma a yarda da duk abin da fim ɗin ya nuna?

Amsa: A'a, ɗan'uwa, ba su ne na farko ba. Tun da hip-hop ya tsiro a unguwar Bronx ta birnin New York a shekarun 1970, 'yan asalin Puerto Rico na ciki tsundum, irin su DJ Charlie Chase na Cold Crush Brothers da ɗan rawa Crazy Legs. Ko a gida ɗaya ma an riga su: Mellow Man Ace, ƙanen Sen Dog, ɗaya daga cikin mawaƙan Cypress Hill, ya bar ƙungiyar tun kafin ta shahara, ya kuma yi suna da waƙarsa mai gauraya Turanci da Sifaniyanci kafin kundinsu na farko ya fito a 1991.

Inda suka yi zarra shi ne kasuwa. Daga South Gate, kusa da Los Angeles, suka taso. Sen Dog haifaffen Kyuba ne, B-Real mahaifinsa ɗan Meziko mahaifiyarsa 'yar Kyuba, DJ Muggs kuwa ɗan New York ne mai tushen Italiya. Kundinsu na farko ya sayar da kwafi sama da miliyan biyu a Amurka, na biyun, Black Sunday, ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na kundayen da suka fi kasuwa a Amurka makon da ya fito a 1993. Babu ƙungiyar hip-hop ta 'yan Latin da ta kai nan kafinsu, kuma su ne na farko a cikinsu da aka kafa wa tauraro a titin fitattu na Hollywood, a 2019. Abin da ya fi burge ni shi ne ba su mai da asalinsu talla ba. Sifaniyancin titi suke jefawa cikin baiti yadda ake yi a unguwarsu, wanda ya gane ya gane.

Fim ɗin da ka gani, in na tashar talabijin ta Showtime ne na 2022, Estevan Oriol ya shirya shi, mutumin da ya daɗe yana kula da tafiye-tafiyensu yana kuma ɗaukar musu hoto. Shi ya sa ya samu hotunan bayan fage da baƙo ba zai taɓa samu ba. Sai dai na gida ba ya tona asirin gida, don haka ka kalle shi a matsayin labarin abokai, ka ɗan rage wani yabon.

Batun tabar wiwi ya ci lokaci sosai a ciki, har ranar fitarsa, 20 ga Afrilu, ranar bikin masu shanta ce. Gaskiya ne sun yi fafutukar halatta ta tun kafin jihar California ta amince da ita a matsayin magani a 1996, har shirin Saturday Night Live ya daina gayyatarsu bayan Muggs ya kunna ta a gaban kyamara a 1993. Ni dai da an rage hayaƙin an ƙara mana bayani kan yadda Muggs ke haɗa kiɗansa mai duhu daga tsoffin fayafayai, da na fi jin daɗi, domin can ne masu kiɗan da suka biyo baya suka fi kwaikwayo.