Dillali ya ce an canza taimin bel, amma babu shaida: in saya ko in haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ma'aikaci ne a Abuja, iyalina kuma suna Jos, duk bayan mako biyu ina kan hanya. Na ga wata Honda Accord ta 2005, wadda ake ce wa End of Discussion, mai silinda shida, a wani wurin sayar da motoci a nan Jos. Ta kwanta min a rai. Ba ta hayaƙi, giya tana shiga lafiya, mita tana nuna 118,000. Wani abokina ya ce in tambayi maganar taimin bel. Dillali ya ce an canza, amma da na nemi shaida sai ya ce shi ma haka mai motar ya gaya masa. Kuɗin nan shekara uku na yi ina tara su. In saya ko in haƙura? Kuma akwai yadda za a gane da ido ko an canza ɗin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka wa abokin nan naka da alheri. Yawancin masu sayen mota fenti suke dubawa, su kunna esi, su zauna su ji laushin kujera. Bel ɗin da ran inji yake hannunsa kuwa ba mai tuna shi, saboda a rufe yake, ba a ganinsa.

Idan sauran motar lafiya lau take, ka saya. Amma ka saye ta a matsayin wadda ba a canza wa bel ba, ka zare kuɗin aikin daga farashi, kuma kada ta ga hanyar Abuja sai an yi aikin nan. Bari in gaya maka dalili.

Mu fara da kalmar "an canza". Ba lallai dillalin ƙarya yake maka ba. Bel biyu ne a wannan injin. Akwai fambel, wanda kana buɗe bonet za ka gan shi a gefe, shi ke juya alteneta da kwamfiresan esi da famfon sitiyari. Shi ne mai yin ƙara da safe, shi ake yawan canzawa, kuma idan ya tsinke fitilar batir ce za ta kama, sitiyari ya yi nauyi, ka gangara gefe. Taimin bel kuwa yana can ciki, bayan murfi, kuma kafin a kai gare shi sai an kwance abubuwa da dama. Sau da yawa mai mota ya biya kuɗin fambel, ya tafi da yaƙinin an canza masa "bel". Ya gaya wa dillali, dillali ya gaya maka. Ba wanda ya yi niyyar cutar wani, amma kai ne za ka kwana a ciki.

Aikin taimin bel shi ne ya haɗa ƙasan inji da samansa su yi tafiya tare. A ƙasa akwai karanshaf, wanda fistoci ke juyawa. A sama akwai kamshaf, mai buɗe bawul da rufe su: na shigar iska da mai, da na fitar hayaƙi. Bel ɗin yana da haƙora a cikinsa don kada ya zame, kuma duk zagaye biyu na karanshaf, kamshaf zagaye ɗaya yake yi, ba ƙari ba ragi. Injin motar da ka gani bawul 24 gare shi, huɗu a kan kowace silinda. Kuma yana cikin injunan da fistan da bawul suke amfani da fili ɗaya, sai dai kowa da lokacinsa: bawul ya leƙo ya koma, fistan ya hauro. Abin da ke raba su kawai shi ne bel. Idan allurar inji tana kan 3,000, karanshaf yana juyawa sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Bel yana tsinkewa kamshaf zai tsaya cak, wasu bawul suna buɗe, fistoci kuwa ba su san an yi ba, sai su hauro su same su. Kafin ka ɗaga ƙafa daga totur an gama ɓarnar.

Kuma ba ya sallama. Birki yana ƙara kafin ya ƙare, kuloci yana santsi, batir yana nauyin tashi. Shi wannan yau lafiya, gobe shiru.

Yanzu ga lissafin da nake so ka yi da kanka. Honda ta ce a canza bel na wannan injin a mil 105,000 ko shekara 7, duk wanda ya riga cika. Accord mai silinda shida da ke yawo a ƙasar nan galibi daga Amurka aka kawo ta, mitarta kuma mil take ƙirgawa, ba kilomita ba. Ka duba ƙasan lambar da kyau. In mil ne, 118,000 ɗin nan ya kusa kilomita 190,000, kuma ya riga ya wuce wa'adi. Wannan ma in mitar gaskiya take faɗa, domin kai ma ka san ana mayar da mita baya kafin mota ta iso wurin sayarwa. Ka dubi robar fedar birki da fatar sitiyari da gefen kujerar direba, sun fi mita riƙon amana.

Amma ka bar maganar mita, ka ɗauki shekaru. Motar 2005 ce. A ce mai ita na farko mutum ne mai kula, ya canza a kan lokaci a 2012. To wa'adi na biyu ya cika tun 2019. Ka ga ko da gaske an taɓa canzawa, tambayar da ta dame ka ita ce yaushe. Roba ce da zare a ciki, tana bushewa ko motar tana tafiya ko tana ajiye a ƙarƙashin bishiya. Zafin inji yana cinta, zafin ƙasarmu yana ƙarawa.

Akwai wata mota irin wannan injin da janwe ya kawo min gareji daga Hawan Kibo. Mai ita da matarsa da yara uku, sun taso daga Abuja, sun wuce Keffi da Akwanga lafiya, suna tsakiyar hawa, ga tirela a bayansu, sai inji ya ɗauke. Allah ya kiyaye ya samu ya raɓa gefe. Ya yi ta murza makulli, kuma kowace murzawa ƙara ɓarna take yi. Da muka buɗe, abin da ya fi ba ni takaici shi ne bel ɗin ba tsoho ba ne, rubutun bayansa ma bai goge ba. An canza shi da gaske. Amma wanda ya yi aikin ya bar tsohon fuli, wato 'yar tayar da bel ɗin ke bi ta kanta, boris ɗinsa ya bushe ya cije, bel ya yi ta gurzar sa har haƙoransa suka zube. Na tsince su a ƙasan murfi kamar ɓawon gyaɗa. Da muka sauke saman injin, na ɗauki bawul ɗaya na mirgina shi a kan gilashi a gaban mutumin. Lafiyayyen bawul sumul yake tafiya. Wannan yana tafiya yana ɗingishi, kansa ya karkace. Mutumin ya daɗe yana kallonsa bai ce komai ba. Motar ta yi makonni a wurina, kuma abin da ya kashe ya ninka kuɗin aikin rigakafi sau da dama. Har yau in na tuna yaran nan a bakin wancan hawan da yamma, raina ba ya min daɗi.

Na kawo wannan ne don ka gane cewa ko an nuna maka sabon bel, magana ba ta ƙare ba.

Batun dubawa da ido, akwai abin da za a iya gani, kuma ya kamata a duba. Ka je da bakanikenka, ba na dillali ba. Ku fara neman 'yar takardar da masu gyara a Amurka kan liƙa a jikin murfin bel ko a ƙarƙashin bonet, mai ɗauke da kwanan wata da lambar mita. Sannan ka ɗauki lambar shasi, haruffa da lambobi 17 ne, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, a bincika maka ita a Carfax, wato shafin intanet mai ajiye tarihin motocin Amurka. Wani lokaci akan ga tarihin gyaran, kuma nan ne za ka ga lambar mita ta ƙarshe kafin motar ta bar can. Bayan haka bakanike ya kwance murfin sama, 'yan notuna ne masu lamba 10, ba ya ɗaukar lokaci. Idan bayan bel ɗin ya yi sheƙi kamar an goge shi, ko akwai tsaga-tsaga, ko gefensa ya fara fitar da zare, ko ya jiƙe da baƙin mai, to hukuncinsa ya fito. Baƙin mai musamman maƙiyinsa ne, yana narka robar a hankali.

Sai dai ka riƙe wannan: ido yana iya kama bel da laifi, amma ba ya iya wanke shi. Na sha cire bel da bayansa ya yi kyau, sai da na lanƙwasa shi ta baya na ga gindin haƙoran duk ya dare. Kuma ta wannan 'yar tagar ba za ka ga boris ba, ba za ka ga famfon ruwa ba.

Ka kuma roƙi dillali kada a tayar da motar kafin ka zo. Ka je da sassafe, sanyin Jos zai taimake ka. Idan a tashin farko ka ji ƙwanƙwasa daga gefen da bel yake, ta kuma ragu bayan inji ya ɗau ɗumi, sau da yawa tenshina ce ta fara sakin jiki, wato abin da ke ɗaure bel ɗin ya tsaya tsam. A wannan injin tenshinar tana da mai a cikinta, idan ta tsiyaye ba ta da sauran ƙarfi. Dillalin da ya ƙi yarda a buɗe murfi ko ya dage sai ya ɗumama motar kafin ka iso, ni a wurina ya riga ya ba ka amsa.

Idan aka zo aiki, ba bel kaɗai ake canzawa ba. Bel, tenshina, fuli biyu, da famfon ruwa, duk tare. Famfon ruwan wannan injin taimin bel ne ke juya shi, idan ya cije zai tafi da bel ɗin. Ga shi kuma a nan mutane da yawa ruwan rijiya ko na famfo suke ɗura wa lagireto maimakon ruwan da aka yi domin haka, tsatsa ta yi ta cin famfon daga ciki. Idan robobin da ke tare baƙin mai a bakin karanshaf da kamshaf suna tsatsafo, a canza su tunda an riga an buɗe. Wahalar kwancewar ɗaya ce, ba dalilin biyan ta sau biyu.

A wajen kaya kada ka nemi araha. Aisin suna haɗa kayan duka a kwali ɗaya, akwai kuma Gates da Mitsuboshi da Continental, ko na Honda kanta. Jabu sun cika kasuwa, har da kwali mai kama da na gaske, don haka ko a Dilimi za ka saya ko a Apo, ka je wurin wanda bakanikenka ya daɗe yana hulɗa da shi, wanda za a iya komawa a same shi gobe. Kuma ina roƙonka, kada ka yarda a sa maka bel na kwance, wai na Beljiyam. Akwai kayan da na kwance ya fi sabon jabu, ban musa ba. Bel ba ya cikinsu, domin ba ka san shekarunsa ba, ka koma gidan jiya ke nan.

Shi ma mai aikin ka zaɓe shi. Ka tambaye shi ko ya taɓa yi wa Honda mai silinda shida. Akwai alamomi a jikin fuli da jikin inji da dole su yi daidai, haƙori ɗaya aka kuskure motar ba za ta yi ƙarfi ba, in ya yi yawa bawul su lanƙwashe tun a gareji. Wanda ya san aikinsa, bayan ya ɗaura, sai ya juya injin da hannu zagaye biyu, ya sake duba alamomin, sannan a taɓa makulli. Ka tsaya ka ga an yi haka, kuma a ba ka tsofaffin kayan a hannu.

Ga masu karatu da ke neman wasu motocin: Accord ɗin nan mai silinda huɗu sarƙa gare ta a maimakon taimin bel, haka Corolla ta 2003 zuwa 2008, haka Camry mai silinda huɗu daga 2002. Sarƙa ba ta da wa'adi irin na bel, baƙin mai mai kyau a kan lokaci take so. Pilot da Odyssey kuwa bel ne, haka Sienna ta 2004 zuwa 2006, da Lexus RX300 da RX330, da Peugeot 406. Sunan mota ba ya isa, sai an san injin da ke ciki.

Saura ciniki. Kafin ka koma wurin dillali, ka sa bakanikenka ya rubuta maka kuɗin kaya da na aiki a farashin yau. Ka je da takardar, ba faɗa ba ɓacin rai, ka ce masa: "Alhaji, na yarda da kai, amma tunda ba shaida, ni zan yi aikin. A rage min wannan." Idan ya ce shi zai sa a canza kafin ka ɗauka, kada ka yarda. Mai sayarwa zai nemi mafi arahar bel ne, a sa shi shi kaɗai, ka tafi da irin motar Hawan Kibo. Ka karɓi ragin, ka yi aikin a gabanka. In kuma bayan ka biya motar ba za ka samu abin yin aikin nan take ba, gara ka nemi mai silinda huɗu, ko ka ƙara haƙuri wata biyu.

Ranar da aka gama, ka rubuta kwanan wata da lambar mita a 'yar takarda, a liƙa a ƙarƙashin bonet, rasit ɗin kayan kuma ka haɗa shi da takardun mota. Ka yi kwana biyu kana zagayawa da ita cikin gari kana duba ƙasanta ko akwai ɗigon ruwa ko mai, sannan ka kama hanyar Abuja. Allah ya sa a saya a sa'a, ya kuma tsare hanya.