Dinyar Dadin Kowa da haƙƙin baƙon tsuntsu

Auwalu ɗana, saƙonka ya iso, da fatan kuna lafiya kai da mahaifiyarka. Ka ce kun je bakin dam ɗin Dadin Kowa da madubin hangen nesa a tsakiyar Nuwamba, kun ga garken dinya da wasu ƙananan agwagin da ba ka sani ba, sai wani maharbi ya ɗirka musu adaka a gabanku. Kana tambaya ko al'adarmu ba ta hana taɓa baƙon tsuntsu ba, kamar yadda ta hana taɓa shamuwa.

Bari mu fara raba tsuntsayen tukuna, don ka haɗa su a kwando ɗaya. Dinya 'yar ƙasa ce, a Afirka take ƙyanƙyasa, ruwa kawai take bi. Da damina ta bazu cikin fadamu da tafkuna, idan kaka ta yi ƙananan ruwaye suka ƙafe sai ta taru inda ruwa ke kwana. Tun da aka tare kogin Gongola aka kammala dam ɗin nan a 1984 ta samu mazauni a can. Ka dube ta da kyau: baƙin baya, farin ciki, jan baki da jar fatar fuska, ga wata ƙaya mai tsini a gwiwar fiffike wadda take faɗa da ita. Wanda ya taɓa kama mai rauni da hannu ya san zafin ƙayar nan. Manyan dinyoyin ƙasashen sanyi kuwa a Turai da bakin Bahar Rum suke cin hunturunsu, ba su saba ƙetare Sahara ba. Masu ƙetarowa su ne ƙananan agwagin da ka raina, irin mai farin layi a saman ido da mai dogon wutsiya mai tsini. Daga Turai da Rasha suke tasowa, su iso wajen Oktoba, su juya wajen Maris. Da yawansu a dausayin Haɗeja da Nguru suke sauka, shi ya sa mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci ya zo har Dagona, matattarar tsuntsaye a dausayin, a 1989.

Ita shamuwa daban take. Cikin gari take sauka gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a kan tsamiya ko kukar ƙofar gida, ta cinye fara a gona. Manomi na ganinta ya hau gyaran fartanya. Tsuntsun da ya zaɓi gidanka ya amince da kai, don haka ko yaro mai danƙo ya san idan ya auna ta zai sha bulala wurin duk babban da ya gan shi, ba sai ubansa ba. Lokacin da kuka je Dadin Kowa ma ta riga ta yi kudu.

Dinya da sauran agwagin ruwa irin su dani da kirinjijiya nama ne a wurin Bahaushe, ba zan ɓoye maka ba. Mai gonar shinkafa ma ba ya yi wa dinya fatan alheri, don a dare ɗaya garke kan tattake masa kadada. Amma farautar tana da ƙa'ida, kuma nan ne 'yan yanzu suka saki hanya. Ba a harbi da damina lokacin ƙwai da 'yan tsaki. Ana jira a kawar da amfanin gona, sarkin baka ya ba da izini. Ruwa kuma yana da mai shi, baƙon maharbi sai ya gaida sarkin ruwa kafin ya shiga. Mutum ya harbi abin da gidansa zai ci, ya ambaci sunan Allah, ya bi wanda ya ji rauni har ya same shi ya yanka. Malamanmu sun hana kashe ko ɗan tsada don wasa kawai. Mai zuba wa hatsi guba a bakin ruwa ya kwashi gawa a buhu ya kai kasuwa, wannan a da ko gaisuwa maharba ba za su amsa masa ba. Mutumin da ka gani, in ɗaya ya ɗauka ya tafi gida, bai karya al'ada ba, ko da ranka ya ɓaci. A wurare irin su gandun dajin Yankari ne hukuma ta hana harbi gaba ɗaya.

Ku ma masu kallo akwai abin da ke kanku. Kada ku faɗa fadamar mutane da madubi a wuya ba sallama, a zamanin nan da kowa ke tsoron baƙuwar fuska. Ku fara da mai unguwa, ku nemi masunci ya raka ku, ku ba shi na goro. Shi zai kai ku lungun da bado ya rufe ruwa, inda wata 'yar mitsitsiyar dinya mai farar fuska da koren baya take ɓuya tsakanin ganye, wadda ganinta sai mai haƙuri.

Ka kuma tambayi tsofaffin maharba ko sun taɓa samun zoben ƙarfe a ƙafar agwagwa. Wasu kan adana shi a zaton laya ce, alhali masu bincike ne suka sa shi a can inda tsuntsun ya fito. In an nuna maka, kada ka nemi karɓewa, ka kwafi lambar da rubutun da ke jiki, ka rubuta ranar da wurin da aka samo shi, ka kai wa malamanku na jami'a.

Ka gaida mutanen gida. Kawunka.