Amsa ga jikana kan funfunar da ake shafa wa inabi

Sadiku, saƙonka ya iso, na yi dariya kafin na damu. Wai tsofaffin masu inabi camfi ne ya hana su aski, wato rage rassan inabi, ranar da ake ruwa, kuma wai yanzu an ce a fesa wa itace funfuna da gangan, shin ba cuta za a sa masa ba? Ja kujera, ɗan nema.

Manyanmu ba su san sunan cutar ba, amma sun san ƙofarta. Cewa suke yi sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk inda almakashi ya ci reshe, bango ya tsage. Masu kashe gangar kurangar inabi su ma funfuna ne, irin su Eutypa, da Botryosphaeria, da taron da ake kira Esca. Ƙwayoyinsu na kwance a jikin mataccen itace, ruwan sama ke tayar da su, iska ta ɗora su kan sabon yanka. Yankan kuwa yakan yi makonni a buɗe, a lokacin sanyi har ya haura wata guda. Ka ga ashe ba camfi ba ne.

Mugun halin cutar shi ne haƙuri. Ta shiga bana, sai bayan shekaru za ka ga tsiro ya tsumbure, ganye ya ƙanƙance, ko ya yi zane-zane ja da rawaya tsakanin jijiyoyinsa. Wata kurangar ma da safe kore shar, zafi na tsananta ta yanƙwane da nonnanta a jiki. Sa zarto ka yanka gangar a gicciye, za ka tarar da baƙin tabo mai kusurwa ya kutso daga gefe zuwa tsakiya, ko kuma ciki ya zama fari mai taushi kamar soso. A da akwai gubar arsenik da ake shafawa, Faransa ta hana ta a 2001 saboda illarta ga masu aikin. Shi ya sa aka koma neman wata hanya.

Funfunar da kake tsoro sunanta Trichoderma, a ƙasa take rayuwa, ba ta cin itace mai rai. Wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi, aikinta ke nan: ta riga mugu zama a kan yankan, ta cinye abincin da ke wurin, ta nannaɗe zaren abokiyar gabarta ta narkar da shi. Amma mai rai ce, kuma a nan ku yaran yanzu kuke kwafsawa, kun ɗauka komai a zuba a tanki ne a fesa a tafi.

Zaɓi ranar da sama ta yi garau, ba a sa ran ruwa har kwana ɗaya ko biyu, zafi kuma bai gaza digiri 10 ba, don a sanyi ƙasa da haka tsirowarta kan yi jinkiri. Wanke tankin feshi sarai. Ragowar maganin funfuna da ka fesa a baya ya isa ya kashe ta kafin ta fito daga bakin injin, haka ma ruwa mai kulorin da yawa. Awo kuwa, bi abin da ke jikin kwali, don ba ɗaya suke ba: wani gram 200 ya ishe hekta guda, wani sai kilo 4. Ka dama, ka riƙa motsawa kada garin ya kwanta, ka ƙarar da shi a ranar. Wanda ba a dama ba a ajiye shi wuri mai sanyi, ba cikin rana ba.

Kada ka bari yanka ya kwana biyu yana jira. Sai dai idan yana zubar da ruwa, dakata 'yan sa'o'i ya tsagaita, in ba haka ba ruwan zai wanke abin da ka sa. Ƙananan yanka feshi ya wadatar, muddin kowanne ya jiƙe. Babban yankan zarto a bi shi da buroshi. Kuma kada ka yanke reshe daf da gangar, bar ɗan guntu kamar ninki biyu na kaurinsa, bushewar ta tsaya a can.

Abin da ba za ta yi maka ba shi ne warkar da ruɓaɓɓe. Kurangar da ta kamu, yanke ta ƙasa da tabon da aƙalla santimita 10 zuwa 20 har sai ka ga farin itace tas, ka shafa, ka raini sabon tsiro daga ƙasa. Guntayen a kwashe a ƙone, barin su jibge a bakin gona kiwon cuta ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka tun askin shekarar farko ake farawa, kowace shekara a maimaita.

Kan ko Trichoderma ta fi fentin da tsofaffi ke shafawa ko maganin kanti, wani lokaci ta yi daidai da su, wani lokaci ta gaza, gwargwadon yanayi da irin cutar. Kai dai fara da duba sama kafin ka ɗauko almakashi. Ka gai da mahaifiyarka.