Na gaji 2CV ɗin mahaifina, yanzu birkinta na nutsewa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Citroën 2CV, takardunta sun nuna 1984. Ta yi shekaru a lulluɓe a zaure. 'Yan'uwana sun ce a sayar wa 'yan gwangwan, ni kuma ina so in san tarihinta, ko ta cancanci a kashe mata kuɗi. Bakanike ya tada injin, ya ƙara mata man birki irin wanda ake zuba wa kowace mota. Mako biyu ke nan, yanzu in na taka birki sai ya tafi ƙasa a hankali. Ya ce iska ce ta shiga. Hankalina bai kwanta ba. Daga wani mai karatu a Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan mahaifi. Kafin komai, cire makullin motar nan ka sa a aljihu. Kada ka sake hawa da ita titi, ko da zuwa masallacin unguwa ne, sai ka karanta wannan amsa har ƙarshe.

Tarihin da ka tambaya ga shi a taƙaice. A 1936 mataimakin shugaban Citroën, Pierre Boulanger, ya ba injiniyoyinsa aiki: yana son motar da za ta raba manomin Faransa da keken doki, ta ɗauki mutane da buhun dankali mai kilo 50, ta yi gudun kilomita 60 a awa, ta sha lita 3 a kilomita 100, ta kuma ratsa gonar da aka yi wa huɗa da kwandon ƙwai ba tare da ko ɗaya ya fashe ba. André Lefèbvre ne ya jagoranci aikin. An shirya fito da ita a 1939 sai Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, aka ɓoye samfuran gwajin don kada Jamusawa su sa musu hannu. Sai a watan Oktoban 1948 aka nuna ta a baje kolin motoci na Paris. 'Yan jarida suka yi ta mata dariya, suna cewa lema ce a kan tayoyi huɗu. Talakawa kuwa suka yi ta rubuta suna, har mutum ya yi shekaru yana jiran tasa ta iso.

Sunan nan 2CV, wato "dawaki biyu", lissafin haraji ne na gwamnatin Faransa. Injin farko mai silinda biyu, 375 cc, ƙarfin doki 9 gare shi, kuma iska ke sanyaya shi, babu lagireto. A 1954 aka kai shi 425, daga baya 602, wanda shi ya kamata ka samu a taka. Ƙasarku ma ta san ta: a 1973 ayarin 2CV guda 60 ya taso daga Abidjan zuwa Tunis, ya keta hamadar Ténéré. An daina ƙera ta a Faransa a 1988, ta ƙarshe kuma ta fito daga masana'antar Mangualde a Fotugal ranar 27 ga Yuli 1990. In aka haɗa da masu ɗaukar kaya, an yi sama da miliyan 5. Don haka a'a, ba kayan gwangwan ba ce, muddin shasinta bai ruɓe ba.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci tun da na karanta saƙonka. "Man birki ai man birki ne." Na gaji da jin wannan magana a garejoji. Ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai kai mutum asibiti.

Tun daga ƙarshen 1981, da aka sa wa 2CV birkin faifai a gaba, ta daina amfani da man birkin da ka sani, wato DOT. Ta koma LHM, koren mai wanda Citroën ta fara zuba wa manyan motocinta irin su DS a 1966. LHM daga ɗanyen man fetur ake yin sa, dangin man inji ne. DOT kuwa sinadarin gilaikol ne mai zuƙar ruwa daga iska. Ba sa haɗuwa, kuma kowanne akwai irin robar da aka yi dominsa. Ka zuba DOT inda aka tanadi LHM, sai ya shiga cin robobin masta (famfon da fedar birki ke turawa), da na kalifa (abin da ke matse faifan), da na silindar tayoyin baya. Ba ranar da aka zuba abin ke nunawa ba. Ranar farko birki garau, bakanike ya karɓi kuɗinsa, ka yi masa godiya. Bayan kwana goma ko ashirin roba ta yi laushi, mai ya fara zillewa ta gefenta, feda ta riƙa nutsewa a hankali ƙarƙashin ƙafarka. Abin da ka kwatanta ke nan daidai. Iska in ta shiga, feda taushi take yi kamar soso, in ka yi famfo ta taso. Wadda ke sulalewa ƙasa alhali ka danne ta, roba ce ta mutu.

An taɓa jawo mini irin wannan da igiya. Da na kwance masta, robar da ta kamata ta yi tauri kamar ƙirgi sai ga ta tana manne wa yatsa kamar cingam, man da ke cikin tulun kuma ya rabu gida biyu, kore a sama, ruwan ƙasa-ƙasa a ƙasa. Mai motar ya ce sau uku ana masa "cire iska". Sau uku! Ba wanda ya tsaya ya dubi murfin tulun.

Kuma kada ka ji an ce kore ka tafi kasuwa ka ce a ba ka "koren ruwa". Ruwan lagireto ma kore ne, na ga wanda aka sayar wa shi. Na ga wanda ya zuba jan man giyar otomatik don wai shi ma na Turawa ne. Akwai kuma masu rabin ilimi da suka ji cewa Citroën kore take sha, suka zuba LHM a tsohuwar 2CV mai birkin dram, robobinta suka kumbura, tayoyi suka cije. Galan ɗin da za ka saya dole a ga haruffan LHM a jikinsa, kuma a rufe yake da hatiminsa.

Kada ka dogara da takarda kaɗai. Motar da ta shekara arba'in, mai yiwuwa an taɓa canza mata giyabos, kuma a 2CV birkin gaba a jikin giyabos yake, ba a cikin taya ba. Ɗaga bonet ka leƙa gefe da gefensa. In ka ga faifai biyu, ta LHM ce. In dram ka gani a rufe, ta DOT ce, kuma sai a binciki wace irin masta aka ɗaura mata. Kayan LHM yawanci akwai ɗigon koren fenti a jikinsu.

In faifai ne, zuƙe man da sirinji a cika da sabo ba zai wadatar ba, duk wanda ya ce maka haka yana neman ya sallame ka ne. A zubar da komai, a wanke bututai, a canza masta ko robobinta, da robobin kalifa, da silindar baya, har da 'yan ƙananan robobin da ke bakin kowane bututu, waɗanda kullum ake mantawa da su. Kayan suna nan, har yau ana ƙera su a Turai saboda masu sha'awar motar. In za a kai ta gareji, a ɗora ta a kan wata motar, kada a ja ta da igiya kana ciki kana dogaro da birkin hannu.

Tana kan rami kuma, ka sa a ƙwanƙwasa shasi da guduma, musamman bayan gatarin gaba inda ya saba lanƙwashewa. Ka turo mini hotonsa da na tulun man birkin kafin ka biya kowa ko sisi.